Idan garkuwar jiki ta juya wa hanta: yadda ake karanta takardar gwajin jini

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da wani likitan hanta ya yi wa ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji a Garwa.

Assalamu alaikum. Malamai, 'yan'uwa ma'aikata, barkanmu da yamma.

Duk wanda ya shigo mana ido rawaya, fitsari kamar shayi, hankalinmu kan hepatitis B yake fara zuwa, kuma daidai ne, domin daga nan har Marwa da Njamena cutar ta yi katutu. Amma akwai wanda za a yi wa AgHBs, gwajin hepatitis B, ya fito babu, a yi na C babu, ba ya shan giya, ALAT kuwa, sinadarin da ke tashi a jini idan hanta ta ji rauni, ta ninka sau goma. Galibi mace ce. A nan ake tuna cewa garkuwar jiki kan far wa hantar mai ita, shi ne ciwo na farko da za mu duba, autoimmune hepatitis. Tun 1950 Waldenström, likita ɗan Suwidin, ya bayyana wannan ciwo a jikin 'yan mata.

Idan ƙwayoyin hantar kansu garkuwa ta kama, ALAT da 'yar'uwarta ASAT ne ke tashi, tare da IgG, wani furotin na garkuwa da ke cikin jini. Sinadaran garkuwar da ake nema a jini su ne ANA da SMA, waɗanda takardunmu na Faransanci ke rubutawa AAN da AML. Wannan ne nau'i na ɗaya, shi ya fi yawa. Nau'i na biyu ya fi kama yara, alamarsa anti-LKM1 da anti-LC1, kuma ya fi zafi. Akwai kuma anti-SLA: ba kowa ke da shi ba, amma in ya fito, da wuya ya yi ƙarya.

Yadda ake aikin a ɗakin gwaji yana da muhimmanci. Ana ɗiga ruwan jinin mara lafiya a kan siraran yankan hanta da ƙoda da tumbin ɓera, a sa sinadari mai ƙyalli, a duba a madubin ƙara girma. Inda ƙyallin ya kwanta shi ke faɗar ko wane ne. Ana sirka ruwan jinin mataki-mataki, 1/40, 1/80, 1/160, har ƙyallin ya ɓace. Mataki na ƙarshe da ya nuna shi ne lambar da kuke gani a takarda. Ga babba, daga 1/40 ake lissafi. Ga yaro kuwa 1/20 ta isa a ANA da SMA, 1/10 a anti-LKM1, domin lafiyayyen yaro bai cika ɗauke da su ba. In da ƙwayoyin HEp-2, ƙwayoyin ɗan Adam da ake rainawa a ɗakin gwaji, aka yi gwajin ANA, sun fi saurin kamawa, don haka ƙaramar lamba a kansu ba abin tada hankali ba ce. Ku riƙa duba hanyar da aka bi, tana rubuce a ƙasan takardar.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya. A 2008 ƙungiyar masana wannan cuta ta duniya ta fitar da ma'auni mai sauƙi. ANA ko SMA a 1/40 maki 1, a 1/80 maki 2. IgG da ta wuce iyaka maki 1, in ta wuce da fiye da kashi 10 cikin 100 maki 2. Rashin hepatitis na bairas maki 2. Abin da aka gani a ɗan yankin tsokar hanta da aka ɗebo, 1 ko 2. Maki 6, ana kyautata zato. Maki 7, an tabbatar.

To ku lissafa da mutumin yankinmu. Zazzaɓin cizon sauro da yake sha duk damina, da tsargiyar hanji, da tarin fuka, duk suna ɗaga IgG, kuma ciwo mai daɗewa kan sa ANA ta fito kaɗan. Ga mace da jiƙo ya ƙona wa hanta: B da C babu, maki 2, IgG sama, 2, ANA 1/80, 2. Ta kai 6 alhali garkuwarta ba ta yi mata komai ba. Waɗannan sinadarai kamar sawu ne a bakin rumbu, suna nuna an wuce ta wurin, ba su nuna wanda ya ɗebi hatsin. Shi ya sa tambaya ke gaba da gwaji. Wane magani take sha? Methyldopa da muke ba masu ciki don hawan jini, da nitrofurantoin na ciwon mafitsara, da minocycline, kowanne na iya kawo hoto iri ɗaya sak, har da ANA. Hepatitis C ma kan fito da anti-LKM1. Kuma ma'aunin nan da tsokar hanta aka gina shi. Inda hali ya yi, a ɗebo ta da allura kafin a ɗora mutum a kan maganin shekaru.

Kuskuren yana da tsada. Maganin shi ne prednisolone da azathioprine, masu danne garkuwa. Ka ba mai hepatitis B su ba tare da kariya ba, bairas ɗin ya farka ya cinye hantar. Saboda haka AgHBs kaɗai ba ta isa ba, a haɗa da anti-HBc mai nuna ko an taɓa kamuwa da B, a kuma bincika tarin fuka da sukari.

Ciwo na biyu ƙananan hanyoyin ruwan matsarmama yake kamawa, shi ne PBC. Mace mai shekara 40 zuwa 60, ƙaiƙayi ya hana ta barci, gajiya ba dalili, an yi ta shafa mata maganin ƙazuwa. A takarda PAL da GGT, masu tashi idan ruwan matsarmama ya kasa wucewa, su ne ke sama, da IgM, wani furotin na garkuwa. Alamarsa a cikin sinadaran garkuwa ita ce AMA, wadda ake samu a wajen 9 cikin 10 na masu shi. In PAL na sama, hoton eko na ciki bai nuna toshewa ba, AMA ta kai 1/40, magana ta ƙare, ba sai an taɓa hanta da allura ba. In AMA ba ta fito ba, a nemi anti-gp210 da anti-sp100. Magani ursodeoxycholic acid, miligiram 13 zuwa 15 ga kowane kilo a rana. Na uku, PSC, mai ƙuntata hanyoyin ruwan matsarmama, ba jini ke tabbatar da shi ba, hoton MRCP na waɗannan hanyoyi ne. Sinadarin garkuwa pANCA kan fito amma ba a yanke hukunci da ita.

Batun bibiya kuma, a nan ake ɓarnar kuɗin mutane. Ga babba, maimaita ANA ko AMA kowane wata uku ba ya gaya maka komai, lambar ba ta bin tsananin ciwon. Abin bi shi ne ALAT da ASAT da IgG. Sai dukansu sun dawo daidai ake cewa ciwo ya lafa, kuma sai sun zauna haka aƙalla shekara 2 ake tunanin janye magani, duk da haka yakan dawo ga mafi yawa. Mai shan azathioprine a riƙa ƙirga masa ƙwayoyin jini. Mai PBC kuwa PAL da bilirubin, sinadarin da ke sa ido rawaya, ake dubawa bayan shekara guda da fara magani. Yara ne kawai lambar sinadaran garkuwarsu ke hawa da sauka tare da ciwon.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ce: Likita, yawanci sai mun tura jinin Yawunde ko Duwala, ga zafin bazara. Yaya za mu yi kada ya lalace?

Madalla, Malama. A ɗiba a kwalbar da ba ta da maganin hana daskarewa, a bar shi ya daskare, a juya a inji, a tsiyaye ruwan sama zuwa wata kwalba a ranar. Kada a tura jini ɗungurungum a mota, ƙwayoyin za su fashe su ɓata ƙyallin. Ruwan yana zama kwanaki kaɗan a firji tsakanin digiri 2 da 8. In zai wuce haka a daskarar da shi a ƙasa da sifili da 20, kuma kada a yi ta narkarwa ana mayarwa. A sa shi a kula da ƙanƙara, a rubuta shekarun mara lafiya a jikin takardar, don in yaro ne su fara sirkawa daga 1/10.