Fim ɗin da Amurka ta ƙi kallo

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Malam Bashir, kai ka matsa mini sai na kalli wannan tsohon fim marar launi, Salt of the Earth, na 1954.

Bashir: To ya kika gan shi, Hajiya?

Hadiza: Wallahi har yanzu bai sake ni ba. Ashe ma da gaske abin ya faru?

Bashir: Ƙwarai. Yajin aiki ne da masu haƙar tutiya suka yi wa kamfanin Empire Zinc a jihar New Mexico, daga 1950 zuwa 1952, wata 15 cur. Yawancinsu 'yan asalin Meziko ne, suna neman a daidaita su da turawan da suke aiki tare. Juan Chacón da ya fito a matsayin mijin jarumar fim ɗin ma ba ɗan wasa ba ne, mahaƙi ne kuma jagora a ƙungiyarsu.

Hadiza: Ni abin da ya tsaya mini a rai ruwan zafi ne. Matar, Esperanza, kullum tana faskare don ta ɗora ruwa, alhali gidajen turawa da famfonsu. Ta ce a sa wannan cikin buƙatu, mijin ya ce ba lokacinsa ba ne.

Bashir: Sai ga kotu ta hana mahaƙan tsayuwa a ƙofar kamfani.

Hadiza: Yauwa! Mata suka ce ai mahaƙa aka hana, su kuwa ba mahaƙa ba ne. Suka tsare hanya, aka kwashe su zuwa kurkuku har da yara. Maigida ya koma faskare da shanya, nan ya san zafin abin. Talaka mai kukan an danne shi, ashe shi ma akwai wadda ya danne a gida.

Bashir: Masu fim ɗin ma sun ɗanɗana. Darakta Herbert Biberman ya yi zaman kurkuku a lokacin farautar 'yan gurguzu, Hollywood ta rufe masa ƙofa. Ita kuma Rosaura Revueltas...

Hadiza: Esperanza ke nan?

Bashir: Ita. Ana tsakiyar ɗauka aka kama ta, aka mayar da ita Meziko. Da fim ya fito, sinimomi ƙalilan ne suka yarda su nuna shi. Sai 1992 aka sa shi cikin finafinan da Amurka ke adanawa.

Hadiza: Bayan shekara 38. Allah sarki, Biberman bai ga wannan rana ba.