Balas ɗin dogon ƙwan lantarki: yadda ake ɗaura shi a yi aiki da shi lafiya

Jama'a masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Wannan ƙaramin akwati da kuke gani ɓoye a cikin gidan fitila, a bayan dogon ƙwai, shi ne balas. A cikin ƙwan akwai iskar gas da ɗan tururin zaiba, kuma idan wutar lantarki ta ratsa tururin sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita take mayarwa hasken da muke amfani da shi. To amma da zarar wuta ta sami hanya a cikin gas ɗin, ƙwan ba ya sanin ya ƙoshi, domin duk yadda ya ƙara jan wuta haka hanyar take ƙara buɗewa, har sai ya ƙone ko fiyus ya tsinke. Balas shi ne linzaminsa: yana taimaka masa da bugun farko mai ƙarfi domin ya kama, sannan ya tsayar da wutar a daidai gwargwadon da ƙwan zai iya ɗauka.

Iri biyu ne ake yawan samu. Akwai tsohon samfuri mai nauyi, wato cok, wanda naɗin wayar tagulla ne a kan ƙarfe, galibi yana aiki tare da sitata, wato ɗan ƙaramin abin da ke tayar da ƙwan a lokacin kunnawa, kuma inda wutar gari ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, haskensa yana rawa sau 100. Akwai kuma na zamani mai ƙananan na'urori a ciki, marar nauyi, wanda ke juya wutar fiye da sau 20,000 a daƙiƙa kuma ba ya bukatar sitata. Rashin nauyinsa kada ya ruɗe ku, domin a lokacin kunnawa wutar da ke fita daga wayoyinsa tana iya kaiwa bolt 600, ko da kuwa wutar da ta shige shi 230 ce ko 120.

Saboda haka, kafin hannu ya taɓa gidan fitila, a kashe layin daga babban akwatin rarraba wuta, ba daga makunnin bango kaɗai ba. Ana samun gine-ginen da aka yi kuskuren ɗora makunni a kan wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ta yadda ƙwai zai mutu amma wayar wuta tana nan da ranta a cikin fitilar. A fara gwada tasta a wurin da aka tabbata akwai wuta domin a san tana aiki, sannan a gwada kowace waya. Fitilun ko-ta-kwana kuwa suna da batir a ciki, kuma kashe layin ne ma ke sa su fara ba da wuta, don haka sai an cire haɗin batirin. Kafasita ma, wato 'yar na'urar da ke tara caji a cikin fitilar, tana iya riƙe shi bayan an kashe, shi ya sa ake jira 'yan mintuna. Wanda bai koyi aikin wuta ba, a nan ya kamata ya tsaya ya kira mai aikin.

Rubutun da ke jikin balas shi ne abin bi. Yana faɗin ƙarfin wutar da zai karɓa, da irin ƙwan da zai ɗauka, da adadinsu. Ƙwan T5 kaurinsa milimita 16 ne, T8 milimita 26, T12 kuma 38, sannan T8 mai tsawon mita 1.2 yawanci wat 36 ne. Idan aka haɗa ƙwai da balas ɗin da ba nasa ba, fitila tana iya kamawa, kuma wannan kamawar ce ke yaudarar mutane, alhali ɗaya daga cikinsu yana ƙonewa a hankali. A bi zanen haɗa wayoyi da ke jikin sabon balas, kada a kwaikwayi haɗin tsohon, musamman idan ana sauya cok da na zamani, inda dole ne a cire sitata da tsohuwar kafasita baki ɗaya. Wayar ƙasa kuma a ɗaure ta tamau a jikin ƙarfen fitilar, domin ita ce za ta sa wuta ta katse idan wata waya ta zame ta taɓa ƙarfen. Makunnin rage haske na gama-gari ba a haɗa shi da balas ɗin da ba a ƙera don haka ba.

Abin da ya fi kashe balas shi ne zafi, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. A ɗaure shi da sukurori ya kwanta sosai a kan ƙarfen fitila, saboda ta jikin ƙarfen yake zubar da zafinsa, kada a ɗora shi kai tsaye a kan katako ko a lulluɓe shi da kayan rufin silin. Ƙiyasin da masu sana'ar ke aiki da shi shi ne, duk ƙarin digiri 10 na ma'aunin Celsius a kan iyakar zafin da aka rubuta yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Ƙwan da bakinsa ya yi baƙi yana ta ƙyaftawa bai kamata ya kwana a haka ba, domin sitata tana ta ƙoƙarin tayar da shi, cok kuwa yana ta ɗaukar zafi. Ƙauri, ko ƙara mai tsanani, ko baƙin danƙo da ke tsatsowa, duk alamu ne na a kashe layin nan take.

Wannan danƙon ma a yi hattara da shi. Balas ɗin da aka ƙera a Amurka kafin 1979 yana iya ƙunsar sinadarin PCB mai guba, don haka tsoho irin wannan ana ɗaukarsa da safar hannu, a rufe shi cikin leda mai kauri, a kai shi inda ake karɓar shara mai haɗari, kuma ba a ƙona shi. Idan ƙwai ya fashe ana cikin aiki, a buɗe tagogi, kowa ya fita na kimanin minti 10, sannan a kwashe gilashin da kwali mai ƙwari da jiƙaƙƙiyar takarda, ba da injin zuƙe ƙura ba, domin injin zai watsa tururin zaiba cikin ɗakin.