Girkin Sallah na tsofaffi: tuwon shinkafa da miyar taushe

Ranar Babbar Sallah a Zariya yara na rububin soyayyar shinkafa da salak, amma ki kai wa Kaka ko Baffa wannan, loma biyu za su yi su ture kwanon. Tuwo suke so mai laushi, da miyar da bakinsu ya saba.

Fara da nama, shi ke cin lokaci. Soyayyen naman layya ba na mai girgiɗaɗɗun haƙora ba ne. Ki ɗebi ɗanyen kilo 1 daga wuya ko haƙarƙari, ki yanka ƙanana, ki ɗora da albasa da citta, wuta kaɗan-kaɗan, kamar awa ɗaya da rabi. Danna tsoka da bayan cokali. In ta rabu, ta yi. Ki tsame, ki tace romon. Tacewar nan dole ce, domin in an sara ƙashi da gatari ɓarɓashinsa na kwanciya a gindin tukunya, shi ke maƙale wa tsoho a wuya.

A romon za ki dafa rabin kabewa matsakaiciya har ta narke, ki farfasa da ludayi. Soya jajjagen tattasai 4, tumatir 5, albasa da attaruhu ɗaya tak a man ja, ki juye, ki mayar da naman, ki sa daddawa. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali 4, amma ki dama ta da ruwa tukuna; in kika jefa ta haka nan, dunƙulewa za ta yi ta kama tukunya. Yakuwa ki tafasa ta daban ki zubar da ruwan, tsaminta ya ragu. Alayyahu sai saura minti 5 ki sauke.

Gishiri da magi kuwa ki ja hannu, masu hawan jini sun yi yawa cikin dattawa. Daddawa za ta cike gurbin. Yaji da man shanu a ajiye gefe, mai so ya ƙara.

Tuwo na mutum 6, shinkafar tuwo gwangwani 4 ta isa. Jiƙa ta awa guda, ruwa ninki uku, ta dahu luguf kafin muciya ta shiga. Mai gaggawar tuƙi shi ke samun tsaki-tsaki. Rufe ya sulala minti 10, ki sake tuƙawa, ki malmala ƙanana. Ki kai musu da ɗuminsa, kafin gida ya watse zuwa kallon hawa a ƙofar fada.