Me Ya Sa Ginin Leza da Na Hoto Suka Ƙi Haɗuwa?

(Allon kwamfuta: bango biyu sun ratsa juna)

Kun ga wannan? Gini ɗaya ne, amma da aka haɗa awon leza da na hoto, bangonsa ya zama biyu. Ana ta zagin manhaja, alhali ba ta da laifi.

A gurguje: na'urar leza tana harba haske, ya bugi bango ya dawo, ta auna nisa. Miliyoyin ɗigo, kowanne da awonsa na gaskiya. Haka Andrew Tallon ya yi wa cocin Notre-Dame ta Paris kafin gobarar 2019, ɗigo sama da biliyan ɗaya. Sai dai leza daga ƙasa ba ta hango saman rufi, shi ya sa ake tada jirgi maras matuƙi ya ɗauko ɗaruruwan hotuna, manhaja irin Metashape ta fitar da nata tarin ɗigon.

To, a nan ake tuntuɓe. Kyamara ba ta san mita ba. Siffa take gani, ba girma ba. A wurinta coci da akwatin ashana duk ɗaya ne. Kai kuwa ka buɗe CloudCompare, manhajar aiki da tarin ɗigo, ka danna ICP, wato umarnin da ke daidaita tari biyu da kansa, ka koma shan shayi. Malam, dawo!

ICP ba ta da wayo. Kowane ɗigo tana nemo masa maƙwabcinsa mafi kusa ne, ta matsar da dukan tarin can, ta sake, ta sake. In taga ta faɗo kusa da ƙofa, sai ta aurar da su, babu tambaya.

(Linzamin kwamfuta yana zaɓar kusurwar taga)

Don haka hannunka ne farko. Tarin ɗigon leza shi ne uba, kada ka motsa shi. Zaɓi wuri guda a duka biyun: wannan kusurwar, ga ta nan, ga ta can. Uku ne mafi ƙaranci, kuma kada su jeru a layi ɗaya. Ni dai uku ba su isar mini; nakan warwatsa su, ƙasa, sama, bayan gini. Sannan kunna gyaran girma. Matsawa uku, juyawa uku, girma ɗaya, abu bakwai ke nan, na bakwan ake mantawa.

Yanzu kira ICP ta ƙarasa. Amma rage mata adadin inda tarin biyu suka yi tarayya, tunda rufin nan babu shi a leza.

Kada ƙaramar lambar kuskure da ICP ta nuna ta ruɗe ka. Yanka bangon a tsaye ka leƙa. Layi ɗaya ka gani? Sun haɗu, wuce wajen sa wa ginin launi. Biyu? Koma kan kusurwoyinka.