Dofamin da yadda ƙwaƙwalwa ke koyo daga riba da asara

Laccar da aka gabatar a Jos, an rubuto ta daga faifan murya

Jama'a, assalamu alaikum. Sau da yawa za ku ji ana kiran dofamin da sinadarin jin daɗi, ni kuwa a ganina wannan suna ya rage masa daraja, domin babban aikinsa shi ne auna tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya sa rai da abin da ya samu.

Wolfram Schultz, wani masanin ƙwaƙwalwa, shi ne ya nuna haka a jikin birai. Idan aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin dofamin, wato ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin, sukan zabura. Da ya gane cewa wata alama ce ke zuwa kafin ruwan, sai zaburar ta koma kan alamar. Ranar da aka nuna alamar aka hana ruwan kuwa, ƙwayoyin sukan yi tsit daidai lokacin da ya kamata ya iso. A 1997 Schultz da wasu masana biyu, Dayan da Montague, suka bayyana cewa wannan lissafi ɗaya ne da wanda masana kwamfuta ke koyar da na'ura da shi.

To, wa ke karanta saƙon? Makarɓan dofamin, wato wuraren da sinadarin ke maƙalewa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa don isar da saƙo, iri biyar ne, amma biyu, D1 da D2, suka fi shafar zancenmu a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira sitirayatum. D1 yana kan hanyar da ke cewa "yi", kuma sai dofamin ya yi ambaliya yake motsawa sosai. D2 yana kan hanyar da ke cewa "dakata", shi kuma ɗan kaɗan ya ishe shi, saboda haka shi ne ke fara jin raguwar sinadarin. Ku dubi manomin da ya kai tumatir kasuwar Farin Gada yana sa ran wani farashi, sai dillali ya taya kwando sama da haka. Hanyar D1 za ta ƙarfafa, gobe ma da asuba yana can. Idan kuwa kasuwa ta faɗi, tumatir ya fara ruwa a kwando, dofamin zai ja baya, hanyar D2 ta samu sarari ta koya masa taka-tsantsan.

A 2004 Michael Frank da abokan aikinsa sun gwada masu cutar Fakinsin, wadda ke kashe ƙwayoyin dofamin. Idan ba su sha magani ba, sun fi koyo daga kuskure. Idan sun sha, sai su fi koyo daga nasara, darasin asara kuma ya yi rauni, domin maganin ya cike ramin, wato raguwar dofamin, da D2 ke jira. Shi ya sa likitoci ke gargaɗin iyalan masu shan wasu daga cikin magungunan nan, domin akan samu dattijon da bai taɓa caca ba ya fara ta bayan an ɗora shi a kansu.