"By the skin of my teeth": yadda Bature ke cewa ya sha da ƙyar

Jama'a, barkanmu da warhaka. Haƙori yana da fata? Sa harshe ka taɓa naka ka ji. Babu ita. Amma idan Bature ya tsallake rijiya da baya, sai ka ji ya ce: "I escaped by the skin of my teeth." Nufinsa, saura ƙiris da ta rutsa da shi, tazarar da ta rage ba ta kai kaurin fatar haƙori ba.

Maganar ta tsufa. Ta samo asali ne daga littafin Ayuba a cikin Baibul, sura 19 aya 20, inda Ayuba ke kukan ciwo ya cinye shi, daga shi sai ƙashi da fata. Waɗanda suka fassara Baibul zuwa Turanci a birnin Geneva a 1560 sun ɗauko kalmomin Ibrananci, harshen asalin littafin, yadda suke, fassarar Sarki James ta 1611 ta bi sahu. A lokacin "with" aka rubuta, bakin mutane ne ya mayar da shi "by". Masana har yau suna ja-in-ja kan abin da Ayuba ke nufi, wasu sun ce dasashi ne, amma mai hira a titin Landan ba ruwansa da wannan.

Wajen amfani, "my" ɗin kawai za ka riƙa sauyawa: namiji "his", mace "her", jama'a "their". Kuma "teeth" ne kullum, kada ka kuskura ka ce "tooth".

Ga inda ɗalibai ke yawan zamewa: sai wanda ya tsira ake faɗa wa. Wanda ya haye jarrabawa da tazarar maki 1, tasa ce. Wanda ya faɗi saura maki 1 ya haye, sai dai a ba shi haƙuri.

'Yan ƙwallo, ku tuna 13 ga Mayu 2012, ranar da Aguero na Manchester City ya zura wa Queens Park Rangers (QPR) ƙwallo a minti na 94, Manchester City ta ɗauki kofin Firimiya. Kowa City yake tunawa, ni kuwa QPR ce ta fi ba ni sha'awa. An doke ta 3-2, amma da yake Bolton ta yi canjaras 2-2 da Stoke, Bolton ɗin ce ta faɗa rukunin ƙasa, QPR ta tsira da tazarar maki 1. To maimaita bayana: "QPR survived by the skin of their teeth."