Amsoshin Tambayoyinku: "Ubangiji, wannan fa?"

Mai gabatarwa: Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako suna da yawa, lokacinmu kuwa kaɗan ne, saboda haka wasu za su sami amsa a taƙaice, muna roƙon masu su su yi haƙuri. Baba Fasto yana tare da mu kamar kullum. Baba, barka da zuwa.

Fasto: Barka kadai, 'yata, barka ga dukan masu sauraro.

Mai gabatarwa: Wani ɗan'uwa daga Zonkwa yana tambaya ko zunubi ne mutum ya ga maƙwabcinsa ya gina gida, shi ma ya yi fatan samun irinsa.

Fasto: Fatan samun muhalli ba zunubi ba ne. Abin da doka ta goma ta hana a Fitowa 20:17 shi ne zuciya ta maƙale wa abin da yake na maƙwabci, har alherin da Allah ya yi masa ya zama maka ciwo. Ya roƙi nasa, ya kuma je ya yi wa maƙwabcin barka.

Mai gabatarwa: Wani matashi daga Biliri ya ce shekararsa 3 a ƙungiyar mawaƙa ba a taɓa ba shi ya ja waƙa ba, alhali wanda ya shigo bayansa ana ba shi, sai dai ya amsa da kansa cewa ba kowane mako yake zuwa koyon waƙa ba. To, ɗan'uwa, ai ka ba kanka amsa tun kafin wasiƙar ta iso mu. Ka riƙa zuwa a kan lokaci na wata 3, sa'an nan ka sake rubuto mana.

Yanzu ga wasiƙar da za mu daɗe a kanta, domin mun sami makamantanta daga Jos da Numan, har da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wata 'yar'uwa ce daga Kaduna, mai shekara 33. Ta ce tare suka gama makaranta da aminiyarta, tare suka yi baftisma, amma yau aminiyar tana da aiki da miji da 'ya'ya biyu, ita kuwa har yanzu tana gidan iyayenta tana neman aiki. Ta ce idan lokacin ba da shaida ya yi ranar Lahadi sai ta fita waje, ta kuma daina amsa kiran aminiyar a waya, ba don ta yi mata laifin komai ba. Tambayarta ita ce, ko ta zama muguwa ne, kuma yaya za ta rabu da wannan hali?

Fasto: 'Yata, da farko ina so ta sani cewa muguwa ba ta rubuta irin wannan wasiƙa. Asaf, ɗaya daga cikin shugabannin mawaƙa a zamanin Dawuda, ya faɗa a Zabura 73 cewa saura kaɗan ƙafafunsa su zame saboda ƙyashin da ya ji sa'ad da ya ga wadatar masu girman kai, kuma Allah ya bar wannan magana a cikin Littafi Mai Tsarki domin irinmu. Lokacin da muke yara a ƙauye, mutum yakan auna kansa da gidaje goma ko ashirin, ya ga rumbun wane ya fi nasa, amma ya kuma san shekarar da fari ya cinye gonar wanen, ya san ranar da ya binne ɗansa. Yanzu kuwa yarinya tana kwance a ɗaki tana kallon bikin mutum ɗari a Facebook kafin barci ya ɗauke ta, ba ta ganin bashin da aka ci aka yi ankon, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. A zamaninmu ma ankon nan bai kai haka ba, turmi ɗaya sai mutum biyu su raba...

Mai gabatarwa: Baba, a gafarce ni, kada anko ya cinye mana lokaci. Ita tana tambaya ne yadda za ta rabu da halin.

Fasto: Gaskiyarki. Ta buɗe Yohanna 21, daga aya 15 zuwa 22. A bakin Tekun Tibariya Yesu ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa kiwon tumakinsa, ya kuma nuna masa irin mutuwar da zai yi. Bitrus bai gama jin wannan ba sai ya waiwaya, ya ga almajirin da Yesu yake ƙauna, wato Yohanna, yana biye da su, ya ce, "Ubangiji, wannan fa?" Yesu ya amsa masa cewa ko da ya so wancan ya zauna har ya dawo, ina ruwan Bitrus, shi dai ya bi shi. Ki lura, Yesu bai ce wa Bitrus ya kwantar da hankalinsa domin Yohanna ma zai sha wuya ba, bai kuma yi masa alkawarin cewa rabonsu zai zama daidai ba. Ya mai da idonsa ne kan aikin da aka riga aka ba shi. Zan maimaita domin wanda bai ji da kyau ba: tambayar "wannan fa?" ba a ba mu amsarta ba, abin da aka ba mu shi ne "kai dai bi ni."

Mai gabatarwa: A nan ina so in faɗi ra'ayina. Sau da yawa mukan ce wa mai irin wannan damuwa ya dubi na ƙasa da shi ya gode wa Allah, ni kuwa wannan shawara ba ta kwanta mini ba, domin har yanzu awo ne, an dai juya mudun. Bafarisiyen nan na Luka 18 da haka ya yi godiyarsa, cewa shi ba kamar mai karɓar haraji ba ne, kuma ba shi ne ya koma gida baratacce ba.

Fasto: Na yarda da ke. Sa'an nan ga abin da za ta yi da ƙafarta, tun da zumunta a ƙafa take. A 1 Sama'ila 18 mata sun yi waƙa cewa Saul ya kashe dubbai, Dawuda kuwa dubun dubbai, daga ranar nan Saul ya sa wa Dawuda ido har ƙarshen mulkinsa. Amma wanda ɗaukakar Dawuda ta fi shafa shi ne Jonatan, domin shi ne ɗan sarki mai jiran gado. Shi kuwa ya tuɓe rigarsa ya ba Dawuda, har da takobinsa da bakansa, daga baya kuma, a sura 23, ya bi shi har Horesh a jejin Zif ya ƙarfafa shi cikin Allah, ya ce masa shi ne zai zama sarki. Waƙa ɗaya uba da ɗa suka ji. 'Yar'uwarmu kada ta jira sai zuciyarta ta yi fari tas kafin ta nemi aminiyarta. Ta kira ta a wannan mako, ta je gidanta, ta ɗauki jaririn, idan kuma amincinsu ya kai, ta faɗa mata gaskiya cewa nauyin zuciya ne ya sa ta ja baya. A shekarun da na yi ina kiwon jama'a na ga ƙyashi yana ƙaruwa a inda aka ɓoye shi, yana kuma raguwa idan mutum ya fara yi wa wanda yake ƙyashi addu'a da sunansa.

Mai gabatarwa: Mu ma a ikilisiya muna da namu laifin, Baba. Shaidarmu ta koma ta mota da aure da tafiya ƙasar waje, a ranar godiya kuma a kira sunan mutum a faɗi yawan abin da ya kawo, alhali wadda Yesu ya yaba a Markus 12 gwauruwa ce mai 'yan kuɗi biyu. Romawa 12:15 ta ce a yi murna da masu murna, a yi kuka da masu kuka, mu kuwa mun riƙe rabin farko. Shugabannin zumuntar mata da na matasa, ku lura da wanda yake fita waje lokacin shaida, ku bi shi.

Ga ta ƙarshe, daga wani ɗan'uwa a Zuru: abokinsa ya rasa aiki, duk abin da ya faɗa masa kuma sai ya ga kamar ƙara masa ciwo yake yi. Me zai ce masa?

Fasto: Ya rage magana. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna neman dalilin wahalarsa. Kada ya yi masa alkawarin da Allah bai yi ba, irin su "kafin ƙarshen shekara za ka samu." Ya yi koyi da Yusufu Balawi mutumin Kubrus, wanda manzanni suka sa wa suna Barnaba, wato ɗan ƙarfafa zuciya. Sa'ad da almajirai a Urushalima suke tsoron Shawulu, wanda daga baya aka san shi da Bulus, Barnaba ne ya kai shi wurin manzanni ya yi magana a madadinsa, shi ne kuma ya riƙe Markus lokacin da Bulus ya ƙi tafiya da shi, har daga baya Bulus ya rubuta wa Timoti cewa Markus yana da amfani a gare shi. Saboda haka ya faɗa wa abokin takamaiman abin da ya iya, ya ambaci sunansa a inda ake neman ma'aikaci, idan kuma akwai hatsi a gidansa ya auna masa ba tare da an sani ba.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba. Lokaci ya ƙure mana, wasiƙar 'yar'uwa daga Kaltungo game da iyayen da suke auna 'ya'yansu da na maƙwabta ita za mu fara da ita mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. 'Yar'uwa ta Kaduna, muna jiran ki rubuto mana bayan kin je gidan aminiyarki. Ku huta lafiya.